Naman Sunan da Na Kai wa Madam

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a makarantar islamiyya, har a layin markaɗe, kowa sai ya tare ni: Ramatu, yaya Faransa? In ce lafiya lau, sai sanyi. Wasu suka ce rowar labari nake yi. Wata ma cewa ta yi daɗi na je na gani nake ɓoyewa, don kada a ce in sama wa ɗan wani hanya. To ga shi na zauna na rubuta, a karanta a zaurenmu na waya, kowa ya ji sau guda. Sai da na nemi izinin surukina kafin in fara, ya ce in faɗi abin yadda yake.

Ɗiyata Balkisa a Lyon take aure. Mijinta likita ne, a Yamai ya yi karatu, ya yi aiki nan Damagaram kafin wani asibiti na can ya ɗauke shi. Ba na kiran sunansa, Likita nake ce masa, a nan ma haka zan ce. Da cikinta ya tsufa na sa rai za ta zo gida, tunda haihuwar fari ce, in yi mata wanka a ɗakina kamar yadda aka yi mini. Ta ce ba hali. Takardar zamanta a jikin ta mijin take rataye, tasa kuwa ta ɗan lokaci ce, kullum cikin sabuntawa ake. In ta fito a tsakani, ba lalle ta samu komawa ba. Malam, maigidana, ya ce, "To ke sai ki je."

Kar, wato babbar motar fasinja, na shiga da asuba, ban ga Yamai ba sai da ƙafafuna suka kumbura kamar an hura su. Na sauka gidan ƙanen Malam, na shiga zaryar biza. Wata yarinya ce bayan gilashi, ko Balkisa ba ta kai ba, ta tambaye ni me zai tabbatar musu zan dawo. Na ce mijina yana nan, sauran ƴaƴana suna nan, kabarin uwata ma yana nan. Ta ce ba irin wannan take nufi ba, gida ko albashi da sunana. Sai da Malam ya aiko takardun fanshonsa. Ina cikin wannan jira aka bugo cewa Balkisa ta sauka, namiji. Na yi sujada a tsakar gidan mutane, sannan na shiga ɗaki na yi kuka, don ɗiyata ta yi naƙudar fari ba wanda ya riƙe mata hannu sai baƙi. Washegari bizar ta fito, kamar da gangan.

Jirgi bai ba ni tsoro ba kamar yadda aka yi ta faɗa mini. Abin da ya dame ni alwala, da abincin da aka kawo cikin ƴan kwanonin roba, ban san wanda za a fara da shi ba. A filin jirgin Paris ne na gane na baro gida. Wani kare ya zo ya tsaya kan akwatina ya ƙi tafiya. Aka ja ni gefe, aka buɗe komai a gaban mutane, har zannuwana na ciki. Kilishin da Malam ya je da kansa ya zaɓo wa mai jego, mutumin ya ɗaga shi da yatsu biyu ya jefa a kwandon shara. Ganyen darbejiyar da na shanya don wanka ya bi bayansa. Da ya zo kan kanwa sai ya kira ɗan'uwansa, suka yi ta juya ta suna sansanawa. Na tattaro Faransancina na kwalej, wanda rabona da shi tun kafin a haifi Balkisa, na ce musu kunu ake damawa da ita wa macen da ta haihu. Ƙaramin ya yi dariya ya ce ina magana kamar kakarsa. Suka tafi da ita wani ɗaki, can suka dawo mini da ita, an ɓantare gefe.

Hajiya Zuwaira ce ta tarbe ni. Tare muka yi kwalej, ta bi mijinta Alhaji Isufu Faransa tun muna da ƙuruciya, atamfa da leshi suke sayarwa. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Ramatu, ke ce kika tsufa haka?"

"Ni rana ta ci. Ke kuma an sa ki a firigo an manta."

Muka rungume juna muna kuka muna dariya. Ta ja ni kan wani bene mai tafiya da kansa, na sa ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi biyo ta, sai da wani bawan Allah ya tallabe ni ta baya. Na juya ina yi masa godiya ina tambayarsa iyali, ashe tuni ya wuce. A jirgin ƙarƙashin ƙasa da ya kai mu unguwarsu Saint-Denis mutane manne da juna kamar buhunan gero, amma ba mai duban wani. Na yi sallama da na shiga, Zuwaira ta mintsine ni.

Gidansu can sama yake a wani dogon bene, ɗakuna ƙanana, kayan sayarwa jibge har bakin banɗaki. Ta tuƙa mana tuwon semul da miyar kukar da kare ya bar mini. Burodinsu dogo kuwa ya yanke mini dasashi, na ce a jiƙa mini shi cikin shayi. Raina yana Lyon, amma Zuwaira ta ce ba zan je wa mai jego hannu biyu ba. Da safe ta kai ni kasuwar Barbès, ƙarƙashin gadar jirgi, ta saya mini wata rigar sanyi mai nauyin ɗan yaye, sannan muka gangara Château Rouge. Nan na numfasa. Warin busasshen kifi, mahauta suna kira, mata suna ciniki da murya sama. Wajen wata ƴar Mali na samu busasshiyar darbejiya cikin leda, irin wadda aka zubar mini, wadda a ƙofar gidana akuya ma ba ta ci.

Da rana muna cin abinci akwai wani baƙo, Abdurrazak, injiniya ɗan Tawa, wanda Alhaji Isufu ke kira cin tuwo duk ranar hutu. Telebijin a kunne, wasu manya biyu cikin kwat suna musu a kan baƙin ma'aikata masu ilimi, irin likitoci da injiniyoyi: a ƙara shigo da su ko a rage. Suna sauri, ban kama duka ba. Alhaji ya ce bari ya taƙaita mini.

"Na hagu yana cewa a kore su. Na dama yana cewa a'a, a bari su gama aikin tukuna."

Abdurrazak ya ce, "Alhaji, ba haka ba ne duka. Akwai masu tsaya mana da gaske. Kuma a gida wa zai ba ni aikin da na karanta? Shekara biyu na yi ina yawo da diploma a Yamai."

"Ban ce ka koma ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Tun da ka fara, ka taɓa ce wa patron ɗinka, ubangidanka na aiki, a'a?"

Abdurrazak ya yi ta juya loma.

"Ka gani. Takardarka a aljihunsa take. Ni da ban yi lakkol ba, ban san boko ba, in na ga dama yau in rufe shago in kwanta."

Zuwaira ta ce, "Kai da ka yi shekaru ba takarda, in ka hango ɗan sanda sai ka shige shagon aski ko da jiya aka yi maka? Bar yaro ya ci abinci."

Aka yi dariya. Sai Alhaji ya juyo gare ni, ya sauke murya. "Hajiya, surukinki gwani ne, kowa ya shaida. Amma aronsa suka yi. A yi ta addu'a." Na ce amin.

Jirgin ƙasan Lyon gudu gare shi kamar ana korarsa, ciki kuma tsit. Na buɗe cincin ɗin da Zuwaira ta ƙulla mini, na miƙa wa matar da ke gefena, don ba zan iya ci tana kallo ba. Ta yi murmushi ta girgiza kai, ta matsa jakarta jikinta. A tasha Likita ya zo da gudu, ya saci jiki ne daga wajen aiki. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, kansa a sunkuye, Turawa suna ratse shi suna waige. Na ga ya rame. Ba wurina ba ne in faɗa.

Gidansu na asibitin ne, a wani bene da ke bayansa, ɗaki biyu da ɗan madafi. Na tarar da Balkisa zaune bakin gado da jariri, fuskarta a kumbure. Ta ce "Inna", sai ta kasa ƙarasawa. Na karɓi angona, na yi masa addu'a a ka. Hancin ubansa ya ɗauko, abin tausayi.

Wanda bai zauna da suruki a gida mai faɗin tabarma biyu ba, bai san kunya ba. In zan shiga banɗaki sai mun yi karo. Shi ya manne da bango, ni in manne da bango, kowa yana duban ƙasa. Yana tsaye a bayana zan ɗaga murya in ce, "Balkisa, ki ce wa Likita abincinsa na kan tebur." Daga ɗaki ta ce, "Inna, ai ya ji." Shi ma haka: "Balkisa, ki ce wa Inna don Allah a rage zafin ruwan, kanwar ma a rage, tana taɓa zuciya." Na rage kanwar. Ruwan dai ban rage sosai ba. Da butar lantarki nake tafasa shi, buta bayan buta, in juye a bokiti, in tsaya cikin wani ɗan akurkin gilashi ina fyaɗa mata ganye. Ranar farko na kunna turaren wuta, sai wani abu mai jin hayaƙi a silin ya fasa ƙara har angona ya firgita. Balkisa ta hau kujera da ɗanyen jiki tana fifita abin da zane. Tun daga nan a bakin taga nake turara mata kaya, hannuna a waje cikin sanyi.

Ranar suna ta waya aka yi komai. Malam ya tara maza a ƙofar gidanmu a Damagaram, liman ya yi huɗuba, mu muna zaune mu uku gaban wayar da aka jingine da kwalbar ruwa. Aka raɗa masa Idrisa. Ragon kuwa wani mahauci Balarabe ne ya yanka a inda doka ta yarda, ya kawo shi cikin kwali a sassare. Ana shafa fatiha Likita ya ɗauki jakarsa ya fita aiki. Ranar sunan ɗansa na fari.

Na ce wa Balkisa, "Su ba su san haihuwa ba ne a ƙasar nan?"

Ta ce, "Sun sani, Inna. Doka ma ta ba uba hutu. Shi ne ya ƙi ɗaukar mai tsawon. Takardarsa ta kusa ƙarewa, sai asibiti ya nemi a sabunta. Ba ya son Madam ta ga kamar yana da nauyi."

Madam ita ce shugabar sashensu. Balkisa ta yi mini bayani: duk shekarun nan aikin cikakken likita yake yi, amma ba a lissafa shi cikakke sai ya haye wata jarrabawa, wadda ko mutum ya ci, iya adadin da suke so kawai suke ɗauka. Ya zauna, ya samu maki mai kyau, bai shiga cikin adadin ba. In ba a sabunta ba, ba aiki, ba gidan nan, ba takardarsa, ba tata. Ta ce, "Amma Madam tana son aikinsa. In sha Allahu za ta sa hannu."

Na wuni ina suyar nama ina tunani. Da yamma na zuba a ƴan kwanoni na bi maƙwabta, kamar yadda ake yi. Ƙofa biyu ba a buɗe ba, ina jin motsi a ciki. Wani saurayi ya karɓa yana tambaya nawa ne. Sai wata tsohuwa a ƙasa, ita da karenta, ta ja ni ciki ta ba ni kujera. Ta ce Likita ne ya duba mijinta har ya rasu, shi kaɗai ke zama ya saurari tsoho yana maimaita labari. Ta riƙe hannuna ta ce, "Irinsa muke so. Ba irin waɗancan da suka cika mana gari ba." Na ce mata waɗancan ma kowanne da uwarsa. Ta ce haka ne, haka ne, ta ɗauki tsoka guda ta ba karen.

Ku da kuke karantawa kun san abin da uwa ke yi in abincin ɗanta yana hannun wani. Ba ta aike. Wanka take ta yafa mayafinta mai kyau, ta ɗauki abin hannu, ta je ta kama ƙafa. Haka uwata ta yi har aka bar yayana a lakkol, haka na yi wa ƙanen Balkisa wajen mai garejin da ya kore shi. Ban taɓa zuwa na dawo da kunya ba. Ga kuma dalili a hannu, tunda naman suna haƙƙin manyan mutum ne. Ban shawarci kowa ba. Washegari da hantsi, bayan na gama wa Balkisa wanka ta yi barci, na zaɓi tsokar cinya zalla, na cika langa, na ɗaure da sabon ɗankwali, na ɗora rigar Barbès kan leshina na tsallaka.

Na sha yawo a asibitin kafin wata mai shara baƙar fata ta kai ni ƙofar. Na ƙwanƙwasa, aka ce in shigo. Na tuɓe takalmana a waje. Mace ce siririya mai furfura, ta girme ni kaɗan, tana cin burodi a kan takardu. Na ajiye langar, na durƙusa. Sai ta zabura ta zagayo tebur, ta kama wuyan hannuna tana duba agogo, tana tambaya ina ke mini ciwo, jiri nake ji? Na ce lafiyata lau, gaisuwa ce. Ta rasa yadda za ta yi, sai ita ma ta tsuguna. Muka zauna a ƙasa mu biyu kamar masu tsintar wake.

Na faɗa mata ko ni wace ce. Na ce an yi mana haihuwa, ga rabonta. Na ce Likita maraya ne, uwarsa da sayar da ƙosai ta yi masa karatu, ba shi da kowa a ƙasar nan sai Allah sai ita. Na ce ita uwa ce, ta dubi jaririn nan ta sa hannu. Duk kalmar girmamawa da aka koya mana a kwalej sai da na kwaso ta.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Bai faɗa muku ba?"

Na ce me?

Ta ce an riga an gama. Tun kafin haihuwar amsa ta zo, ba za a sabunta ba. Ta ce ta rubuta, ta buga waya, sauran likitoci ma sun sa baki, don ba ta da kamarsa a sashen. Ta ce, "Ba ni ke sa hannu ba."

Na ce, "To wane ne? A nuna mini gidansa."

"Ba mutum ɗaya ba ne. Ofishi ne, shi ma wani ofishin yake bi. Ta na'ura ake aika musu."

"Ba ƙofar da zan je in tsaya?"

"Babu."

Wannan ne abin da har yau ya fi ci mini rai. A wurinmu ko azzalumi ne yana da zaure, yana da uwa ko aboki da za a bi ta wajensa, ko bai yi ba dai ya ga idonka. Can an yanke wa mutum abincinsa, kuma kowa da ka tambaya yana ba ka haƙuri da gaskiyarsa, don ba shi ya yi ba.

Na ce to marasa lafiyar fa, wa zai duba su? Ta ce wani yana zuwa, daga wata ƙasar Afirka, da iyalinsa, shi za a ba gidan. Na ce shi ma na ɗan lokaci ne? Ta ce shi ma. Idonta ya kawo ruwa. Ta dubi langar ta ce, "Da maganar tana hannuna, doka ba za ta bar ni in karɓi wannan ba. Tunda ba abin da zan iya, zan karɓa. Na gode." Ta kwance ɗankwalin ta ninke ta miƙo mini.

Ina sa takalmi a bakin ƙofa sai ga Likita ya ɓullo cikin farar riga, yana tura wani tsoho a keke. Ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya dubi ɗankwalin da ke hannuna. Ya miƙa keken ga wata ma'aikaciya, ya biyo ni har waje. Muka tsaya jikin wata bishiya da ta zubar da ganye. Tun da ya auri ɗiyata ba mu taɓa magana ba ɗan aike ba sai ranar.

Ya ce, "Inna, ku gafarce ni."

Na ce, "Kai da ka san an gama, me ya hana ka zama ranar sunan ɗanka?"

"In na zauna za ta tambaya. Kuma mutanen da na ba rana suna jira, Inna. Su ba su yi mini komai ba."

Ya ce jininta ya hau wajen haihuwa, yana tsoron abin da labarin zai yi mata, da ita da nonon. Ya roƙe ni in riƙe har a yi arba'in, kafin nan yana neman wani asibitin. Na ce na ji. Na ce masa kuma ya riƙa cin abinci zaune, ni zan shiga ɗaki.

Waɗannan makonni ba na fatan Allah ya maimaita mini su. Ina gasa mata jiki tana ba ni labarin gidan renon da za ta sa Idrisa, da aikin da za ta nema in ya yi wayo, da labulen da za ta canza. In ce Allah ya nufa. Kullum in ya dawo sai in saci kallon fuskarsa, in gane yau ma ba a dace ba. Duk inda ya nema suna son likita, har roƙo suke, amma sai mai takarda. Takardar kuma sai mai aiki. Na yi ta tsayuwar dare, na yi azumi ina cewa ramuwa ce.

Bayan arba'in ya faɗa mata. Na ɗauki Idrisa na fita matakala don in ba su wuri. Ban ji kuka ba. Can ta buɗe ƙofa ta tsaya a kaina.

"Inna, kin sani?"

Na ce na sani.

"Kina yi mini wanka kin sani? Ina maganar labule kin sani?"

Ta karɓi ɗanta ta koma ciki. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. A na ukun ta zo ta kwantar da kai a cinyata kamar tana ƙarama, ta ce in tsefe mata kai.

Shawarar da suka yanke ita ce ta biyo ni gida da yaron, tunda gidan za a karɓa, shi kuma ya zauna ya nemi hanyar sake zama jarrabawar. Na ɗauka yaron da aka haifa a ƙasarsu ɗan ƙasarsu ne, ashe ba haka ba ne, sai da muka koma Paris aka yi masa takardar tafiya a ofishin jakadancinmu. Kayan ɗakinta da na yi shekaru ina tarawa, wasu aka bayar, wasu aka ajiye a bakin titi. Muka sake sauka gidan Zuwaira. Wannan karon Alhaji Isufu bai yi wa kowa tsiya ba. Ya ce Likita ya zauna a ɗakin kaya har Allah ya yi, Abdurrazak kuma ya ce ya san wani gidan tsofaffi da wataƙila za su ɗauke shi taimako, wanka da ba da abinci, kafin takardar ta ƙare. Likita ya ce yana so. Mutumin da Madam ta ce ba ta da kamarsa.

A filin jirgi ya riƙe Idrisa har inda aka ce mai rakiya ya tsaya. Ya yi masa magana a kunne, ban ji me ya ce ba, ya miƙa wa uwar. Ya durƙusa ya yi mini sallama. Ma'aikacin da ya duba fasfunanmu ko ɗago kai bai yi ba, ya buga hatimi uku ya turo mana.

Yanzu muna gida. Malam ya ce Likita ya dawo kawai, asibitinmu na nan mata suna kwana a baranda suna jiran wanda zai duba su, ƙasar da ta koyar da shi ta fi cancanta da shi. Gaskiya ne. Shi kuma ya ce shekarun da ya zuba can fa, a bar shi ya gwada sau ɗaya. Wannan ma ban iya ce masa ƙarya ba ne. Ni dai na ga ƙasa mai tsabta da tsari, na ga masu kirki a cikinta, na kuma ga yadda take son hannun mutum ba ta son sauran jikinsa. Masu son in yi wa ƴaƴansu hanya, ga hanyar nan na faɗa muku.

Akwatin Balkisa ɗaya har yau bai koma kan sif ba, yana bayan ƙofa a zuge. Shekaranjiya na shiga na tarar ta buɗe shi, ta fito da ƴan rigunan sanyin da uban ya saya wa Idrisa don komawa, tana gwada masa. Hannun ya ƙi shiga. Ta cire, ta ninke, ta mayar, ta zuge.

In kun zo, ku ɗauki yaron ku sa masa albarka, ku sa ubansa a addu'a. Don Allah kada wadda ta tambaye ta yaushe za ta koma.